Yadda Ake Auna Gaskiyar Tarihi a Finafinan Fasa Saƙonnin Sirri na Yaƙin Duniya na Biyu

Masu karatu sun sha tambayar yadda mutum zai bambance abin da ya faru da gaske da abin da marubucin fim ya ƙara, musamman a finafinan da ke nuna yadda aka fasa saƙonnin sirri na Jamus da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Gardama a kan waɗannan finafinai takan rabu gida biyu. Wasu su ce ai fim ne, ba ajin tarihi ba, a bar shi ya nishaɗantar. Wasu kuma su ce ƙarya ce tsagwaronta daga farko har ƙarshe. Sau da yawa ɓangarorin biyu ba su bincika komai ba. Matakan da ke ƙasa za su ba ka damar yin binciken da kanka, ka kuma gane cewa kurakuran fim ba nauyinsu ɗaya ba: akwai wanda ake yafewa, akwai wanda zalunci ne ga mutanen da suka rayu da gaske.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Kana bukatar cikakken fim ɗin, littafin rubutu da biro, da waya ko kwamfuta mai intanet. Babban kuɗin da za ka kashe na data ne, kuma kusan duka a kan sauke fim ɗin zai tafi, domin shafukan da za ka duba rubutu ne zalla kuma kyauta suke: shafin gidan tarihi na Bletchley Park, cibiyar da Birtaniya ta fasa saƙonnin sirri a cikinta lokacin yaƙin, wanda ke da rajistar sunayen waɗanda suka yi aiki a wurin, shafin uboat.net da ke ɗauke da tarihin jiragen ƙarƙashin teku na Jamus ɗaya bayan ɗaya, da manhajar CyberChef ta hukumar leƙen asirin Birtaniya, GCHQ, wadda ke kwaikwayon Enigma, na'urar da Jamusawa suka yi amfani da ita wajen mayar da saƙonninsu na sirri. Littafi ne kaɗai zai iya cin kuɗi sosai, kuma ba dole ba ne a zagayen farko. Ka ware yamma biyu, ɗaya don kallo, ɗaya don bincike.

Gargaɗi: kada ka yi wannan aiki da guntun bidiyo na TikTok, ko da fim ɗin da aka yanke ƙarshensa, ko wanda aka ɗora wa fassarar baki. Mai fassara yakan ƙara magana don armashi, sai ka wayi gari kana zargin fim da abin da bai faɗa ba.

1. Duba abin da fim ɗin ya ce game da kansa

Kafin ka tuhumi fim da ƙarya, ka san alkawarin da ya ɗauka. Rubutun da ke fitowa a farko da wanda ke fitowa a ƙarshe su ne alkawarin. The Imitation Game na 2014 ya gabatar da kansa a matsayin labarin gaske, ya yi amfani da sunayen mutane na ainihi, an kuma gina shi a kan tarihin rayuwar Alan Turing, masanin lissafi da ya yi aikin fasa Enigma a Bletchley Park, wanda Andrew Hodges ya wallafa a 1983. Enigma na 2001 kuwa daga ƙagaggen labarin Robert Harris aka ɗauko shi, jaruminsa ƙirƙirarre ne, Turing ma bai fito a ciki ba. U-571 na 2000 ƙirƙira ne shi ma, sai dai ya jingina da wani al'amari na gaske, ya kuma lissafo wasu kame na ainihi a rubutun ƙarshe. Ma'aunin da za ka ɗora wa na farko ya fi tsanani, saboda shi ne ya ce gaskiya yake faɗa.

2. Kalli fim ɗin sau biyu, ka rubuta da'awoyinsa

Kallon farko na jin daɗi ne, kada ka riƙe biro. A kallo na biyu ka riƙa tsayar da fim ɗin kana rubuta duk abin da za a iya tabbatarwa ko ƙaryatawa, tare da mintin da ya faru: shekara, sunan mutum da muƙaminsa, sunan jirgi, wanda ya ƙirƙiro wani abu, wanda ya yanke wata shawara. Ka raba shafinka gida uku: abin da ya tabbata, abin da bai faru ba, da abin da masana ke saɓani a kai.

Gida na uku ne mutane suka fi mantawa da shi. Mutuwar Turing a ranar 7 ga Yuni 1954 misali ce: binciken hukuma ya ce shi ya kashe kansa da guba, mahaifiyarsa ta yi imani haɗari ne, kuma akwai masana da suka ce hujjar da aka dogara da ita ba ta isa a yanke hukunci ba. Fim ɗin da ya bi hukuncin hukuma bai yi ƙarya ba, ya zaɓi ɓangare ne.

Gargaɗi: kada ka rubuta hirarraki a jerinka. Babu wanda ya naɗi maganar da mutum biyu suka yi a ɗaki a 1941, don haka kowace hira a fim ƙirƙira ce, kuma kowa ya san haka. Abin da ake aunawa shi ne aikin da aka jingina wa mutum.

3. Fara da ranaku da shekaru

Kwanan wata ne ya fi saurin tona asiri, kuma ba ya bukatar ƙwarewa. Ɗauki U-571. Fim ɗin ya nuna sojojin ruwan Amurka sun kutsa cikin jirgin ƙarƙashin teku na Jamus a 1942 sun kwaso na'urar Enigma. Ka shiga uboat.net ka nemi jirgi mai wannan lamba, za ka ga ba a taɓa kama shi ba. Jirgin saman Ostireliya ne ya nutsar da shi a yammacin Ireland a Janairun 1944. Sai ka nemi U-110. Shi ne wanda sojojin ruwan Birtaniya na jirgin HMS Bulldog suka shiga ranar 9 ga Mayu 1941, ƙarƙashin jagorancin wani matashin hafsa, David Balme, suka fito da na'urar da takardun sirri. Amurka ba ta shiga yaƙin ba sai a Disamban 1941, wata bakwai bayan haka. Ranaku biyu kawai ka jera, zancen ya fito fili.

Ka ci gaba, domin akwai kamen da ya fi dacewa da shekarar da fim ɗin ya zaɓa. Ranar 1 ga Fabrairu 1942 jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suka koma amfani da Enigma mai faifai huɗu a maimakon uku, Bletchley Park ta kasa karanta saƙonninsu na tekun Atlantika kusan wata goma, jiragen kaya kuma suka yi ta nutsewa. Ranar 30 ga Oktoba 1942, a gabashin Bahar Rum, mutum uku daga jirgin HMS Petard suka shiga U-559 yana nutsewa. Tony Fasson da Colin Grazier sun miƙo takardun sannan jirgin ya tafi da su. Tommy Brown, ɗan shekara 16 mai aiki a kantin jirgin, shi ya tsira. Da waɗannan takardu aka sake karanta saƙonnin ranar 13 ga Disamba 1942. Amurkawa ma sun yi nasu kamen, U-505, amma sai ranar 4 ga Yuni 1944, a tekun da ke gab da Afirka ta Yamma, kuma jirgin yana nan a wani gidan tarihi a Chicago.

Gargaɗi: matse lokaci ba laifi ba ne a kan kansa. Idan fim ya haɗe aikin shekara uku a cikin wata uku don labari ya tafi, ka rubuta shi, amma kada ka ba shi nauyi. Abin da za ka sa wa jan layi shi ne inda sauya kwanan wata ya sauya wanda ya yi aikin.

4. Bi mutane ɗaya bayan ɗaya

Wannan mataki ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Ga kowane suna a jerinka ka yi tambaya uku: ya rayu da gaske, yana wurin a lokacin da aka nuna, kuma ya aikata abin da aka ce ya aikata?

A The Imitation Game kusan kowane suna na gaske ne, sai dai ayyukan sun gauraya. Joan Clarke ta yi aiki da Turing a Bukka ta 8, sashen da ke fama da Enigma ta sojojin ruwa, kuma gaskiya ne sun yi baiko a 1941 daga baya aka fasa. Amma ba ta hanyar gasar wasan cike gurbin kalmomi aka ɗauke ta ba, saɓanin abin da fim ya nuna. Gordon Welchman, wanda ya koyar da ita lissafi a Cambridge, shi ya jawo ta, ta fara aiki a Yunin 1940. Gasar ta faru da gaske, ta jaridar Daily Telegraph, amma a Janairun 1942, kuma ba Turing ya shirya ta ba. Hugh Alexander zakaran wasan dara na Turawa ne kamar yadda aka nuna, sai dai fim ɗin ya juya tsarin shugabanci: Turing ne ya fara jagorantar Bukka ta 8, Alexander ya gaje shi. Wasiƙar da aka aika wa Firaminista Winston Churchill ma gaskiya ce, ranar 21 ga Oktoba 1941, amma mutum huɗu suka sa hannu, Turing da Welchman da Alexander da Stuart Milner-Barry, kuma ƙarin ma'aikata da kayan aiki suka roƙa, ba muƙami ga mutum ɗaya ba kamar yadda fim ya nuna.

Waɗannan duka ana iya kiran su gyaran labari. Akwai biyu da suka wuce haka. Na farko, an nuna Kwamanda Alastair Denniston a matsayin shugaba mai taurin kai da ke neman hanyar korar Turing, alhali shi ne ya shirya ɗauko malaman jami'a irin su Turing tun kafin yaƙi ya ɓarke. Iyalansa sun fito sun yi ƙorafi. Na biyu ya fi muni. John Cairncross ɗan leƙen asirin Tarayyar Sobiyet ne da gaske, ya yi aiki a Bletchley Park daga 1942 zuwa 1943, ya kuma miƙa wa Rasha bayanai. Amma a wani sashe daban, Bukka ta 3, yake, babu wata shaida cewa ya taɓa aiki da Turing. Fim ɗin ya sa su a ɗaki ɗaya, ya nuna Turing ya gano shi sannan ya yi shiru na wani lokaci saboda tsoron kada Cairncross ya tona asirinsa na neman maza. Ɓoye ɗan leƙen asiri a lokacin yaƙi cin amanar ƙasa ne. An ɗora wa mutumin da fim ɗin ke cewa yana karramawa laifin da bai yi ba, a lokacin da ba ya raye balle ya kare kansa.

Haka nan fitowar da aka nuna 'yan ƙungiyar sun yanke shawarar barin Jamusawa su kai wa ayarin jiragen ruwa hari don kada asiri ya tonu, alhali ɗan'uwan Peter Hilton yana cikin ayarin. Hilton ba shi da ɗan'uwa a irin wannan jirgi, bai ma zo Bletchley Park ba sai a Janairun 1942. Masu fasa saƙonni ba su ne ke zaɓar bayanin da za a yi aiki da shi ba. Suna miƙawa ne, manyan hafsoshi da shugabannin leƙen asiri su yanke.

Gargaɗi: rajistar sunaye ta Bletchley Park za ta gaya maka sashen da mutum ya yi aiki da shekarunsa, ba za ta gaya maka halinsa ba. Don hali sai ka nemi abin da abokan aikinsa suka faɗa. Waɗanda suka zauna da Turing sun bayyana shi a matsayin mutum mai wasu ɗabi'u na daban, amma mai raha da abokai, ba wanda ba ya gane barkwanci ba.

5. Gwada na'urar da hannunka

Gani ya kori ji. Ka buɗe CyberChef, ka zaɓi Enigma, ka danna harafi ɗaya sau hamsin. Za ka ga haruffa iri-iri sun fito, amma harafin da ka danna ba zai taɓa fitowa ba. Wannan rauni na na'urar yana cikin abubuwan da suka taimaki masu fasa saƙonni, domin idan suna zaton wata jimla tana cikin saƙo, kamar kalmomin rahoton yanayi da ake aikawa kullum, sai su jera ta a ƙarƙashin rubutun sirrin su riƙa matsar da ita har su sami wurin da babu harafin da ya yi karo da kansa.

Da ka fahimci wannan, fitowar da ta fi burge masu kallo za ta zama abin tambaya. Fim ɗin ya nuna na'urar Turing tana ta juyawa ba sakamako, sai wani dare a mashaya dabarar neman kalmomin da ake maimaitawa ta faɗo masa. A gaskiya a kan wannan dabara aka tsara na'urar tun daga farko. Ba ta aiki sai da ita. Sunan na'urar bombe, ta farkon an kira ta Victory, ta fara aiki a Maris 1940. Sunan Christopher da fim ya ba ta ƙirƙira ne, duk da cewa Christopher Morcom abokin Turing ne na makaranta da ya rasu a 1930. Ba Turing ya harhaɗa ta da hannunsa ba. Kamfanin British Tabulating Machine da ke Letchworth ne ya ƙera ta ƙarƙashin injiniya Harold Keen, Welchman kuma ya ƙara mata wani allo na wayoyi da ya ninka amfaninta. An ƙera sama da 200 a Birtaniya. Ba ta fitar da saƙo a karance. Takan tsaya ne a kan saitin da zai iya zama daidai, mutane su gwada shi.

Ka duba batun ƙarfe sha biyun dare ma, inda fim ya nuna duk aikin yini yana tashi a banza da zarar lokacin ya yi. Gaskiya ne Jamusawa suna sauya saiti kullum, amma saƙon jiya ba ya zama shara da tsakar dare. Ana ci gaba da aiki a kansa, domin bayanin kwana biyu ko uku da suka wuce yana iya nuna inda jiragen abokan gaba suka dosa.

Gargaɗi: kada ka haɗa bombe da Colossus. Colossus na'ura ce daban da injiniya Tommy Flowers ya ƙera, ta fara aiki a farkon 1944, kuma saƙonnin wata na'urar Jamus mai suna Lorenz take fasawa, wadda Bill Tutte ya gano tsarinta ba tare da ya taɓa ganinta ba. Masu sharhi da yawa suna gyara kuskuren fim da wannan sabon kuskure.

6. Nemi waɗanda aka share

Bayan ka gama da abin da fim ya nuna, ka tambayi abin da bai nuna ba. A batun Enigma amsar farko 'yan Poland ce. Marian Rejewski ya gano tsarin wayoyin cikin na'urar a Disamban 1932, ta hanyar lissafi da taimakon takardun da leƙen asirin Faransa ya saya daga wani Bajamushe, Hans-Thilo Schmidt. Shi da Jerzy Różycki da Henryk Zygalski sun yi shekaru suna karanta saƙonnin Jamus, kuma a Yulin 1939, a Pyry kusa da Warsaw, suka miƙa wa Birtaniya da Faransa duk abin da suka sani. The Imitation Game ya wuce wannan da ambato na ɗan lokaci. Enigma na 2001 ya yi abin da ya fi ciwo, domin macin amanar da ya ƙirƙira a Bletchley Park ɗan Poland ne, alhali macin amana na gaske da aka sani a wurin ɗan Birtaniya ne. Fushin 'yan Poland a kan wannan yana da hujja.

Amsa ta biyu yawan jama'a ne. Zuwa farkon 1945 kusan mutum 9,000 ke aiki a Bletchley Park da rassanta, kimanin kashi uku cikin huɗu mata ne, kuma matan rundunar ruwa ne ke sarrafa na'urorin bombe dare da rana. Fim ba zai iya nuna mutum dubu tara ba, wannan a fili yake. Amma idan ya bar mai kallo da tunanin cewa mutum biyar a ɗaki ɗaya ne suka ci yaƙi, ka rubuta shi a matsayin rashi mai matsakaicin nauyi.

7. Auna tushen da kake gyara fim da shi

Tarihin wannan aiki ya daɗe a kulle. Jama'a ba su san labarin sosai ba sai a 1974, lokacin da F. W. Winterbotham, wani tsohon jami'in leƙen asirin Birtaniya, ya wallafa littafinsa, kuma daga abin da ya tuna ya rubuta shi, ba tare da takardun hukuma a gabansa ba. Daga nan labarin ya bazu cewa Churchill ya san za a yi wa birnin Coventry ruwan bama-bamai ranar 14 ga Nuwamba 1940 amma ya ƙyale don ya kare sirrin. Masana tarihi da suka duba takardun daga baya sun yi watsi da wannan labari, amma har yau ana kawo shi a gardama a matsayin hujja. Saboda haka ka fifita abin da aka rubuta bayan an buɗe takardun, ka kuma nemi tushe biyu da ba su kwafi juna ba kafin ka sa abu a gidan abin da ya tabbata. Wikipedia wurin farawa ne. Ka gangara ƙasa ka ga inda ta samo maganar.

Alƙaluma ma suna bukatar wannan kulawa. Rubutun ƙarshe na The Imitation Game ya ce aikin ya rage tsawon yaƙin da fiye da shekara biyu, ya ceci rayuka sama da miliyan 14. Batun shekara biyu yana da asali a kiyasin Harry Hinsley, wanda ya yi aiki a Bletchley Park kuma ya rubuta tarihin leƙen asirin Birtaniya na hukuma. Kiyasi ne na abin da zai faru da ba a yi aikin ba, ba abu ne da aka ƙirga ba, don haka gidansa shi ne na uku.

Gargaɗi: kada ka ɗauka duk abin da ya yi kama da almara ƙirƙira ne. Kafin yaƙin Midway na Yunin 1942, sashen fasa saƙonni na sojojin ruwan Amurka da Joseph Rochefort ke jagoranta a Hawaii ya ga Japanawa suna ambaton wani wuri da haruffan AF. Aka sa sansanin Amurka da ke tsibirin Midway ya aika saƙon ƙarya a fili cewa na'urar tace ruwansa ta lalace, ba a jima ba aka kama saƙon Japan yana cewa AF na fama da ƙarancin ruwa. Wanda ya ga wannan a fim ɗin Midway na 1976 zai iya rantsewa marubuci ne ya ƙaga shi, alhali ya faru. Haka gudun da ake nuna Turing yana yi: ɗan tseren dogon zango ne na gaske.

8. Jera kurakuran bisa nauyinsu

Yanzu ka koma gidan abin da bai faru ba, ka ba kowane kuskure matsayi. Mafi sauƙi su ne na kaya da wuri, kamar ɗaukar fim ɗin Enigma a wani gida daban maimakon ainihin ginin Bletchley Park, da matse lokaci, da haɗe mutum uku su zama ɗaya. Na tsakiya su ne waɗanda ke ɓata fahimtar yadda aikin ya gudana, kamar mayar da aikin dubban mutane da shekaru ya zama wahayin dare ɗaya. Mafi nauyi iri biyu ne: ɗauke aikin wasu mutane a ba wasu, da ɗora wa mutum na gaske laifin da bai yi ba. A ganina fim mai ƙananan kurakurai talatin ya fi mai babban kuskure ɗaya gaskiya, domin Fasson da Grazier sun mutu a cikin U-559, kuma suna da dangi.

Gargaɗi: kada ka ƙirga kurakurai ka fitar da kaso cikin ɗari ka tsaya a nan. Lissafin kaso yana ba launin rigar soja da zargin cin amanar ƙasa maki ɗaya.

9. Sai yanzu ka karanta ra'ayoyin wasu

An jinkirta wannan mataki da gangan, domin wanda ya fara da ra'ayin jama'a yakan kalli fim yana neman abin da aka ce masa zai gani. Idan ka zo karantawa, ka lura da wanda ke magana da abin da ya shafe shi. Lokacin da U-571 ya fito, maganar ta kai majalisar dokokin Birtaniya, Firaminista Tony Blair ya yarda cewa cin fuska ne ga sojojin ruwan ƙasar. A 2006 ɗaya daga cikin marubutan fim ɗin, David Ayer, ya amsa cewa an murɗe tarihi ne don jawo masu kallo na Amurka, kuma bai ji daɗin hakan ba. Amma David Balme, wanda shi ne ya shiga U-110 da ƙafarsa, ya yaba fim ɗin, yana ganin ba za a sami kuɗin yin sa ba da ba a mayar da shi na Amurkawa ba. Marubucin The Imitation Game, Graham Moore, wanda ya ci kyautar Oscar da wannan aiki, ya kare kansa da cewa ba a auna aikin fasaha da ma'aunin tantance labarai.

Hujja mafi ƙarfi ta masu kare waɗannan finafinai ita ce sun sa miliyoyin mutane sun san sunan Turing, sun kai wasu ga karanta tarihin gaske. Wannan gaskiya ne, ka ba shi haƙƙinsa. Sai dai waɗanda ke komawa ga littafi kaɗan ne idan aka kwatanta da waɗanda fim ɗin ne kaɗai abin da za su taɓa sani, kuma wannan ne ya sa ba a wuce batun Cairncross da cewa ai fim ne.

10. Rubuta naka hukuncin

Ka raba hukuncinka biyu, ka faɗi kowanne daban: yadda fim ɗin yake a matsayin fim, da yadda yake a matsayin tarihi. Ba saɓani ba ne ka ce wasan Benedict Cumberbatch a matsayin Turing ya ƙayatar kuma labarin ya zalunci Denniston. Ka fara da abin da fim ɗin ya faɗa daidai, sannan ka kawo manyan kurakurai biyu ko uku, kowanne da mintin da ya fito, da abin da ya faru a zahiri, da kwanan wata. Ƙananan ka tara su a jimla ɗaya. Inda masana suka saɓa ka ce sun saɓa, kada ka zaɓar wa mai karatu ɓangare a ɓoye. Idan za ka bayyana yadda labarin ya ƙare, ka sanar tun a layin farko saboda waɗanda ba su kalla ba tukuna.

Gargaɗi: kafin ka wallafa, ka sake duba kowane suna da lamba. U-110 da U-559 da U-505 da U-571 suna saurin rikicewa a rubutu, kuma lamba ɗaya da ka kuskure ta isa mai gardama ya yi watsi da sauran bayananka duka.